Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

 

Mu 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba. Amma mu ke kai marar lafiya asibiti, mu ke haɗa kuɗin aiki, wani lokacin ma mu ke ɗauko gawa.

A nan Sabo, da mutum ya ga jini a bayan gida sai mu ce basir ne, maƙwabtanmu Yarabawa su ce jedijedi, a shiga shan jiƙo da agbo wata da watanni. To, akwai wata cutar babban hanji wadda bangon hanjin ke yin rauni, ya ɓullo da 'yan aljihuna, galibi bayan shekara 40. Mafi yawan masu su ba su ma sani ba. Sai ranar da ɗaya ya kumbura: ciwon mara, yawanci gefen hagu, da zazzaɓi. Ko kuma jini ya zuba da yawa ba tare da zafi ba.

A 1971 Dakta Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana fiɗa a Yuganda, da abokinsa Neil Painter suka danganta cutar da abincin da aka cire wa dusa. A lokacin da wuya a gan ta a ƙauyukan Afirka. Ku dubi kwanonmu yau. Ina tuwon dawa, ina wake da zogale? Biredi da farar shinkafa sun kore su.

Taɓa ciki da hannu ba ya gano ta. Sai hoton CT, ko na'ura mai kyamara da ake zurawa ta dubura, wadda ita ce kuma ke bambance ta da kansar hanji. Asibitin UCH, da aka buɗe a 1957, ga shi nan bayan Mokola.

In an je da wuri, sau da yawa magani da sassauta abinci sun isa. In hanjin ya huje, dole a yi aiki cikin gaggawa, a yanke wurin da ya ɓaci, wani sa'in a fito da hanjin ta ciki a manna jaka. Wannan jakar ce mutanenmu ke gudu, wai salla ta lalace. Malamai na nan zaune, su gyara mana: hukuncin mai yoyon da ba ya iya riƙewa sananne ne a mazhabar Malikiyya, yana alwala ya yi sallarsa. Kuma da yawa ana mayar musu da hanjin bayan watanni.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.