Tsare Mutuncin 'Ya'yanmu Aikin Kowa Ne

Wannan shi ne jawabin da akawun reshenmu ya yi wa jama'a a Yelwan Yauri.

Maganar da na zo da ita yau mai nauyin faɗi ce, watau maganar fyaɗe. Amma kunyar faɗinta ba ta taɓa hana aukuwarta ba, sai dai ta rufa wa mugu asiri.

Ba wanda ya manta da ran 17 ga watan Yuni, 2021, ranar da 'yan bindigan Dogo Giɗe suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a ƙasar Ngaski, da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka kora ɗalibai da malamai cikin daji. An sako waɗansu a watan Oktoba na shekarar, waɗansu kuma a Janairun 2022. Sauran 'yan mata 11 suka daɗe a hannunsu, aka yi musu abin da ɓarayin suka kira aure. Sai a 2023 aka fara sako su, waɗansu ɗauke da jarirai, bayan iyayensu sun yi ta roƙon jama'a taimakon kuɗin fansa. To, jama'a, auren da aka ɗaura da bakin bindiga ba aure ba ne, fyaɗe ne, kuma laifin yana wuyan wanda ya yi, ba wadda aka yi wa ba. Lalle hukumar da ta karɓi amanar 'ya'yan mutane a makaranta, ita ya kamata a fara tambaya ina masu gadi suke.

Amma kada mu zaci a daji kaɗai mugu yake. Abin da aka sani ko'ina a duniya shi ne, galibin waɗanda ake yi wa fyaɗe sun san wanda ya yi musu: maƙwabci, ko ɗangi, ko mai sayen tallar yarinya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Na fari, iyaye su daina barin yarinya ta kai talla cikin shago ko zauren gwauro, ko ta kai dare a kasuwar Warra ko bakin tasha. Masu zuwa ɗiban ruwa da wanki a bakin tafki, da masu zuwa itace, su tafi a ƙungiya. Masu jirgin ruwa da 'yan acaɓa, idan kun ɗauki yarinya ita kaɗai, amana ce a hannunku har ku sauke ta.

Na biyu, ku koya wa yara, maza da mata, cewa ba mai ikon taɓa tsiraicinsu, ko wane ne shi. Idan yaro ya kawo ƙara, a saurare shi, kada a tare shi da bulala. Yaron da aka daka sau ɗaya ba zai sake faɗi ba.

Na uku, idan abin ya auku, a garzaya asibiti tun kafin a yi wanka ko a wanke tufafi, domin shaida tana jikinsu. Akwai maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau, amma ba ya aiki sai an fara shan sa cikin awa 72, watau kwana uku. Mutanen tsibirai da ƙauyukan Shanga masu nisa, kada ku jira ranar kasuwa. Daga asibiti kuma sai caji ofis.

Na huɗu, ina magana da masu unguwa da dagatai cikin ladabi. Fyaɗe ba rikicin iyakar gona ba ne da za a sasanta a zaure. Duk ranar da aka karɓi 'yan kuɗi aka kashe magana, an sayar da 'yar maƙwabci ke nan, domin wanda ya sha da daɗi zai koma. Dokar Tarayya ta hana cin zarafin mutane, ta 2015, ta kai hukuncin fyaɗe har ɗaurin rai da rai, ta kuma yarda ana yi wa namiji kamar yadda ake yi wa mace. Jihar Kebbi ta kafa irin tata a 2022. Doka kuwa takarda ce kurum idan ba wanda ya tsaya ya ba da shaida, musamman in mai laifin ɗan babban gida ne, yarinyar kuwa 'yar talaka.

Na ƙarshe, waɗanda abin ya faɗa musu, kada a nuna su da baki, kada a hana su komawa makaranta, kada a goranta wa jariransu. Ba su suka zubar da mutunci ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace unguwa ta zauna ta fitar da dattijo da dattijuwa waɗanda yaro zai iya zuwa wurinsu ba tare da tsoro ba. Allah ya tsare mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya.