Yaran Da Aka Bari A Gida Lokacin Cin Rani

Yau ba za mu fara da allo da alli ba, sai mun yi wata magana tukuna.

Kun sani a nan ƙasar Zango, da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, da an yanke gero, an rori wake, an zuba a rumbu, sai magidanta da samari su ɗaura kaya su tafi cin rani. Wani Kano, wani Abuja, wani har Ikko ko Fatakwal. Wani ga-ruwa, wani dako, wani acaɓa, wani gadi. Ba su komowa sai bazara, in hadari ya fara haɗuwa a gabas. Watau wata biyar ko shida ke nan. Ba mu ce laifi ne ba. Daminarmu ba ta fi wata huɗu ba, ƙasarmu jigawa ce, hatsin rumbu kuwa ba kullum yake kai mutum wata kaka ba.

Mai tafiya yakan lissafa kome: dami nawa ya bar wa iyali, wa zai ba akuya dusa, wa zai gyara danga. Abu guda akan manta, shi ne zuciyar yaro.

Mun ga wannan da idonmu a wani ƙauye kusa da nan. Yaro ne ɗan shekara bakwai. Ubansa ya fita da asuba yana barci, wai don kada ya yi kuka. Da ya farka ya tambaya, sai aka ce, “Ya je kasuwa, yanzu zai dawo.” Yaron nan ya yi kwanaki yana zama bakin hanya da la'asar, yana duban kowace mota. Sa'an nan ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ɗan shekara uku. Ya shiga dukan ƙanensa, tuwo ma sai an yi da gaske yake ci. Kakarsa ta ce iska ce, aka yi ta turare. Kawunsa ya ce taurin kai ne, ya yanko tsumagiya. Duka biyu ba su yi magani ba.

To, me ya same shi? Ƙaramin yaro bai san lissafin watanni ba. In uba ya ɓace ba sallama, yakan zaci gudunsa aka yi, ko kuwa wani laifi ya yi. Ba shi da bakin da zai ce, “Ina kewar Baba.” Sai jikinsa da halinsa su faɗa: firgita cikin barci, kuka ba dalili, faɗa, ko shiru irin wanda ba a san shi da shi ba. Mai shirun nan ma ya fi ba mu tsoro, domin shi ba ya damun kowa, ba kuwa mai lura da shi.

Manyan yara nasu dabam ne. Yarinya takan bar aji ta koma raino da ɗiban ruwa da talla. Yaro ɗan shekara goma sha uku, in ba mai tsawata masa, sai ya bi abokai, har wani ya kai ga shaƙar sholisho ko shan ƙwaya.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A ƙasar Sin, cikin 2013, an ƙiyasta yara miliyan 61 ne iyayensu suka bari a ƙauye suka tafi birni neman aiki. A 2018 wata mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta tattara bincike 111, a kan yara fiye da 264,000, yawancinsu daga Sin ɗin. Aka tarar yaran da aka bari sun fi sauran yara kamuwa da baƙin ciki mai nauyi da fargaba, sun kuma ɗan fi su rama da tsumburewa, ko da yake iyayen neman abinci suka tafi.

Watakila wani ya ce, to, a tafi da yaran mana. A kula fa. Maƙwabtanmu na Kance da Matamai, ƙetaren iyaka a Jihar Damagaram, matansu sukan ɗauki yara su nufi Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 motocin waɗansu suka lalace cikin hamada, aka tsinci gawa 92, 52 daga ciki yara ne.

Saboda haka in tafiya ta kama, ka zaunar da ɗanka ka yi masa sallama. Zai yi kuka, bar shi ya yi. Kukan yini ɗaya ne. Faɗa masa gaskiyar inda za ka, da lokacin da za ka komo: “Sai an fara sharar gona.” Nuna masa mutum guda, wanka ko ƙanenka, ka ce, “Ga babanka kafin in dawo.” In ka bugo waya, kada ka tsaya kan zancen kuɗi da maiɗakinka ka kashe. Ce a ba yaro. Tambaye shi karatunsa, tambaye shi tunkiyarsa. Ku kuma iyaye mata, mun san nauyi ya yi muku yawa, amma in hali ya sake, a tambayi yaro kafin a ɗaga hannu. In ya daina ci, ko ya daina magana, ko ya ambaci mutuwa, a kai shi asibiti, kada a jira.

Uwar yaron can 'yar ajinmu ce. Da muka yi wannan magana da ita, sai ta sa uban ya yi magana da ɗansa, ya gaya masa yana Kano, da sauran Juma'a goma sha biyu ya komo. Ta ɗauki gawayi ta rubuta 1 har zuwa 12 a jikin bango, kowace Juma'a yaro ya share lamba ɗaya da hannunsa. Fitsarin bai tsaya nan da nan ba, amma zaman bakin hanya ya ƙare.

Yanzu kowa ya ɗauki allonsa. A layin fari ka rubuta sunan ɗanka. A layi na biyu ka rubuta watan da za ka komo.