RUMBUN WAƘOƘI A GIDA: YADDA ZA MU TSARE MURYOYIN MAGABATA

Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan ƙasar Wurno da Raba da Goronyo

Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne yadda mutum zai zaɓi na'urar da zai juye faya-fayan CD da kaset-kaset ɗinsa a ciki, ya adana, ya riƙa saurare a gida. Wani zai ce wannan ai zancen masu hali ne, ina ruwan ɗalibi mai fama da kuɗin makaranta? To, a yi mana haƙuri a ji abin da ke cikin faya-fayan tukuna.

Ƙasarmu ta Sakkwato ƙasar makaɗa ce. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso. Salihu Jankiɗi ya riƙe taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sa'idu Faru ya waƙe Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talatar Mafara. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Raba. Mu kuma nan gabas muna tutiya da Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, wanda ya ɗaukaka Shago da sauran 'yan dambe, ya kuma zuga manoma. A cikin waƙoƙin mutanen nan akwai salsalar gidajen sarauta, da sunayen garuruwa da fadamu, da kalmomin Sakkwatanci waɗanda yaranmu ba su ƙara jin su a bakin kowa ba. Waɗannan ma mashahurai ke nan, waɗanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da wasu manazarta suka rubuta tarihinsu. Ina ƙananan makaɗan noma da na biki na Taloka da ƙauyukan bakin gulbi, waɗanda wataƙila sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarsu, ran wani buki, a rikodar wani malamin makaranta? Ina karatun tafsirin malaman garuruwanmu da suka riga mu gidan gaskiya? Irin wannan kaset in ya lalace, babu kasuwar da za a je a sayo wani.

Lalacewa kuwa tana tafe. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sa'an nan shi da Sony suka fito da faifan CD a 1982, kuma kowannensu yana da abokin gābarsa. Zaren kaset yana saki da zafi, yana mannewa, ƙarfen maganaɗisun lasifika yana shafe abin da ke kansa, rikodar da za ta juya shi ma ta fara wuyar samu. Faifan CD kuma, yawancin wanda aka sayar a kasuwanninmu ba bugun masana'anta ba ne, irin wanda ake ƙonawa a kwamfuta ne. Sautin yana kan wani siririn rini da rana da zafi suke kashewa sannu a hankali, kuma karcewa ta gefen da ake rubutu ta fi ta gefen da ke ƙyalli illa, domin nan ne sautin ya fi kusa da waje. A ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, faifan da aka bari a gaban mota ko kan taga bai da tsawon rai.

Ba zafi kaɗai ba. Duk mun san ambaliyar watan Satumba na 2010, sa'ad da gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci gidaje da gonaki a ƙasar Goronyo, har ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mun kuma san yadda rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka a gabashin Sakkwato tun daga wajen 2018. Wanda ya fita da dare da goyo da 'yar tabarma ba ya waiwayen kwalin kaset.

Magabatanmu sun bar mana darasi a kan wannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa yake Wurno, ya rasu a 1837, amma har yau ana karanta Infaƙul Maisuri. Nana Asma'u ta rasu a 1864, waƙoƙinta suna nan. Takardar da suka yi rubutu a kai ba ta fi gara ƙarfi ba. Abin da ya tsare ayyukansu shi ne juyi: almajiri ya juya daga na malaminsa, wani ya juya daga nasa, kowane kofi ya tafi wani gari, mai juyi kuma sau da yawa ya rubuta sunansa a ƙarshe. Aikin da muke kira a yi ke nan, sai dai alƙalamin ne ya sake.

Na'urar da muke nufi mun ga ya dace mu kira ta rumbun waƙoƙi. Kwamfuta ce ƙarama da ake ajiyewa a ɗaki, a zuba mata dukkan waƙoƙin gidan, a haɗa ta da lasifika, sa'an nan duk mai waya a gidan ya iya zaɓen abin da yake so ya saurara ta hanyar wayfay, ko da babu intanet. Kafin mutum ya fitar da ko kwabo, akwai tambayoyi biyar da ya kamata ya amsa wa kansa.

Ta farko, a wace siga za a ajiye sautin? Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma minti ɗaya yana cin wajen megabait 10. In an juye shi yadda yake, ana kiran sigar WAV. In an matse shi ba tare da an zubar da kome ba, ana kiranta FLAC, wadda ta fito a 2001, tana kuma rage girman da kusan rabi. MP3 kuwa, wadda masu tura waƙoƙi a kasuwa suke zuba mana a memori, tana iya mayar da megabait 10 ya koma 1, amma ta hanyar zubar da wani sashe na sautin, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa har abada. Kowane manomi a Taloka ya san bambancin iri da hatsin ci. FLAC shi ne iri, a ɗaure shi a ajiye. Daga gare shi ake fitar da MP3 a sa a waya, a ci yau da gobe. Sai dai a lura, faya-fayai da yawa na kasuwa da ma can MP3 ne a cikinsu. Irin waɗannan kwafe su kawai za a yi yadda suke, domin mayar da su FLAC ba zai ƙara musu kome ba sai nauyi.

Ta biyu, wane girma ake bukata? Nan hankali ya kwanta. Ma'adana mai terabait 1 tana ɗaukar faifan CD cikakke fiye da 1,400 a sigar WAV, ko kusan ninkin haka a FLAC, ko kaset mai minti 90 wajen guda 1,000. Da wuya a sami gidan da ya tara haka. Saboda haka kada a sa kuɗi wajen sayen babbar ma'adana guda, gara a sayi matsakaita biyu, dalili yana zuwa.

Ta uku, za ta jure wutarmu da zafinmu da ƙurarmu? Wannan ita ce tambayar da masu tallar kayan Turai ba su yi, domin ba su san ɗaukewar wuta sau biyar a wuni ba. Ma'adana irin ta da, mai faifai yana juyawa a ciki, ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar aiki, ba ta kuma son faɗuwa. Irin ta SSD ba ta da abin da ke motsi, ta fi jure jijjiga, ba ta cin wuta sosai, amma ba a so a jefa ta a akwati shekara da shekaru ba a kunna ba, musamman a wuri mai zafi. Na'ura mai fanka kuwa, in hunturu ya shigo, ƙura take zuƙa har ta toshe.

Da wannan ma'auni za mu duba hanyoyi uku da ke gabanmu. Akwai na'urori na musamman, irin su Brennan ta Ingila da Cocktail Audio ta Koriya ta Kudu, waɗanda za a zura musu faifai su juye da kansu. Suna da daɗin aiki, amma da kuɗin waje ake sayensu, kuma samun mai gyaransu a kusa abu ne mai wuya. Akwai 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a 2012, girmanta bai wuce tafin hannu ba, wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila na da ba, ƙaramar sola da batir sun ishe ta. In an sa mata manhaja ta kyauta irin Volumio ko Jellyfin, ta zama rumbu sosai, sai dai tana bukatar mai ɗan sani, kuma sai an sayo mata abin karanta faifai daban. Ta ukun ita ce tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ramin CD, irin wadda ma'aikata suke yarwa in sun sami sabuwa. Tana da batirinta, watau in an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take, tana da allo, masu gyaranta suna nan cikin Sakkwato. A ganinmu, ga yawancin waɗanda ke zaune a nan, ita ce zaɓin hankali. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wajen juyin kansa, manhajar Exact Audio Copy kyauta ce, kuma in ta ci karo da wurin da ya karce takan maimaita karantawa har ta tabbatar. Kaset kuwa ba ya karɓar gaggawa: na minti 90 sai an zauna masa minti 90. A goge kan rikoda da auduga da sifirit, a karya 'yan haƙoran nan na saman kaset don kada a yi kuskuren ɗauka a kansa, a wana shi gaba da baya sau ɗaya ya saki jiki, sa'an nan a haɗa rikoda da kwamfuta da waya, a ɗauka da manhajar Audacity. Kada a kara waya a bakin lasifika, domin kukan awaki da na babur duk za su shiga. Kada kuma a taɓa kofin farko da sunan cire shuu ɗin kaset. A ajiye shi yadda ya zo, a yi gyaran a kan wani kofin. Bayan an gama, kada a yar da kaset ɗin.

Tambaya ta huɗu, wa zai rubuta sunaye? Mai juye faifan mawaƙin Amurka ba ya wahala, domin ma'adanan intanet irin su MusicBrainz sun riga sun san shi. Faifan Ɗan Anace da aka ƙona a shago kuwa, kwamfuta lamba kawai za ta ba shi: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Nan ne aikin ɗalibi yake, kuma shi ne mafi daraja a cikin aikin duka. A rubuta sunan makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da irin kiɗan, kotso ne ko taushi ko kalangu, da garin da aka ɗauka, da shekarar in an sani, da gidan da aka samo kaset ɗin, da sunan wanda ya juya. In ba a san shekara ba a bar wurin fili, kada a ƙaga. A yi amfani da haruffanmu masu ƙugiya, a kuma tsaya a kan rubutu ɗaya, kada Ɗanƙwairo ya zama mutum uku a rumbu guda. Waɗanda suka san amsoshin nan tsofaffi ne, kuma su ma ba za su jira mu ba. Waƙar da aka rasa wanda aka yi wa ita ta zama rabin waƙa.

Ta biyar, kofi nawa? Masu adana kayan tarihi suna da ƙa'ida: kofi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani gari. Rumbu ɗaya gobara ɗaya ta ishe shi. Saboda haka ɗaya a cikin na'urar, ɗaya a ma'adanar da ake cirewa a sa a akwati, ɗaya kuma wurin ɗan'uwa a Sakkwato ko Kano ko Zariya. Sau ɗaya a shekara, misali a hutun babbar salla, a kunna kowanne a tabbatar yana nan da rai, in ɗaya ya fara ciwo a maye gurbinsa. Abin da aka ga ba shi da na biyu kuwa, ya kamata a kai kofinsa Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, don masu bincike su amfana.

Saura magana ɗaya mai nauyi, watau haƙƙi. Makaɗan nan sun bar 'ya'ya da jikoki da 'yan amshi, da yawansu kuwa ba su ga ko sisi daga dubban kofin da aka sayar da muryar iyayensu ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, addininmu ma ya riga doka hana cin guminsu. Adanawa daban, ciniki daban. Wanda zai ɗora waƙa a YouTube ya sami kuɗi, ya nemi magada tukuna. Kaset ɗin bikin gidan wasu kuma, mai muryoyin matansu, amana ce, ba a watsa shi sai da izninsu. In an juye waƙoƙin makaɗi, kofin farko na iyalinsa ne, kyauta.

'Yan'uwa, hutu yana zuwa, kowa zai koma gida. Roƙonmu kaɗan ne. Kowane ɗalibi ya tambayi iyayensa da kawunnansa inda kwalin kaset yake, ya rubuta jerin abin da ke ciki, ya ware guda goma da ba a samunsu a kasuwa. Yayyenmu ma'aikata su taimaka da tsofaffin kwamfutoci da ma'adanai. In mutum 50 a cikinmu suka yi haka, kaset 500 ke nan sun tsira a hutu guda, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu.