Jawabi A Kan Ma'anar Ɓarna Da Hasara Da Diyya

Wannan jawabi an shirya shi ne domin jama'ar ƙasa baki ɗaya, musamman fatake da masu sana'a da ke zaune a unguwannin Hausawa na Obiagu cikin Inugu, da na Anaca da Fatakwal. Hausawa sun daɗe a waɗannan garuruwa suna cinikin shanu da albasa da wake da busasshen kifi, musamman tun daga 1932 da aka gama gadar Makurɗi, hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Arewa da Gabas. Duk mai dukiya a nesa da gida kuwa, wajibi ne ya san abin da ake nufi da ɓarna, domin alƙali da likita da ma'aikacin inshora kowannensu da irin yadda yake auna ta.

Da farko ya kamata a rarrabe kalmomi huɗu. Ɓarna ita ce lalacewar abu, ko rage masa daraja ko amfani. Lahani shi ne abin da ya taɓa jiki ko lafiya. Hasara ita ce abin da mutum ya rasa sakamakon ɓarnar, in an ƙidaya shi da kuɗi. Diyya kuwa ita ce abin da ake biya domin a mayar da wanda aka cuta kusa da matsayinsa na da. Ba kowace ɓarna ce ake biyan diyyarta ba, sai an sami wanda alhakin ya rataya a wuyansa, an kuma kawo hujja.

A kasuwa, ɓarna takan zo farat ɗaya. Ran 16 ga watan Oktoba 2019 wata motar dakon mai ta faɗi a Upper Iweka cikin Anaca, mai ya bi magudanun ruwa, wuta ta bi shi har kasuwar Ochanja, ta cinye rumfuna da kaya masu yawa, aka kuma yi hasarar rayuka. Mai rumfa a irin wannan hali hasararsa iri biyu ce: kayan da suka ƙone, da cinikin da ya tsaya masa har ya sake kafuwa. A kotu, hasarar da ake iya ƙidayawa dole a faɗe ta dalla-dalla, a tabbatar da ita da rasiɗi ko littafin ciniki ko shaidu. Wadda ba ta ƙidayuwa, kamar raɗaɗi da wahala, alƙali ne yake kimanta ta. Saboda haka ɗan kasuwar da ba ya rubuta abin da ya saya, ya raunana ƙararsa tun wuta ba ta tashi ba.

A kan hanya kuma, doka ta tilasta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. A watan Janairu 2023 aka mai da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, ana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Amma a lura, irin wannan inshora ba ta biyan mai motar gyaran motarsa, ba ta kuma biyan tumatir ko albasar da ya ɗauko daga Kano in motar ta kife. Kayan da ke kan hanya suna da inshorarsu dabam. Wanda yake ƙyamar inshora saboda addini, akwai tsarin takaful, watau taimakekeniya bisa ƙa'idar Musulunci, wanda hukumar inshora ta ƙasa take ba da lasisinsa.

A wurin likita, ana duba ko lahani mai warkewa ne ko mai dawwama, da kuma yadda ya rage wa mutum ƙarfin neman abinci. Yatsa ɗaya ga mahauci ko tela ba ƙaramin abu ba ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aikinsa, da iyalin wanda ya mutu. Takardar asibiti ita ce babbar shaida, don haka kada a tsaya ga ɗori a gida kaɗai.

Tsakanin manomi da mai dabba, batun ɓarna tsoho ne. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa abin da dabbobi suka ɓata cikin gona da dare, mai su ne yake biya, da rana kuwa tsaron gona yana kan mai ita, sai fa in makiyayi yana tare da dabbobin ya yi sakaci. Amma kowace jiha da dokarta. A 2021 jihohin Inugu da Ribas sun kafa dokar hana kiwon sake. Lalle ne Sarkin Hausawa da shugabannin kara su sanar da baƙin da suka sauka wurinsu, domin rashin sani ba ya kuɓutar da mutum gaban shari'a.

Akwai kuma ɓarnar da ke samun ƙasa da ruwa, wadda ba ta tambayar ƙabila. Ambaliyar 2012, sa'ad da kogin Kwara da na Binuwai suka cika suka batse, ta kashe mutum 363, ta raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan ƙasar Ogoni kusa da Fatakwal, ta ce gyaran ɓarnar malalar mai zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya mutanen Bodo fam miliyan 55 na Ingila. An biya kuɗi, amma kifi ba ya komawa rafi ranar da aka biya.

Mafi wuyar gyara ita ce ɓarnar amana. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Bayan 'yan shekaru sai ga kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, aka yi hasarar rayuka da gidaje, zaman tare na shekaru ya wargaje. An sake gina gadar Anaca da kasuwarta, amma yarda tsakanin maƙwabta ta fi gini jinkirin tsayuwa. Ramuwar gayya ba ta mayar da abin da aka rasa, sai dai ta jawo wa wani marar laifi hasara a wani gari.

Saboda haka ana jawo hankalin jama'a ga waɗannan abubuwa:

1. A riƙa rubuta ciniki, a adana rasiɗi a wani wuri dabam da rumfa.
2. In ɓarna ta auku, a sanar da 'yan sanda da shugaban kasuwa nan da nan, a ɗauki hoto, a nemi shaidu.
3. A ceci abin da ya saura, domin kotu ba ta biyan hasarar da mai kaya yake da ikon ragewa ya ƙi.
4. Kada a yi jinkirin kai ƙara, gama doka ta ƙayyade lokaci, in ya wuce hakki ya faɗi.
5. In an yi sulhu, a rubuta shi gaban shaidun ɓangarorin biyu.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye dukiya da rayukan jama'a, ya zaunar da Nijeriya lafiya.