Amsoshin Wasiƙunku: Mai A-Kori-Kura Yana Son Sayarwa

Yau wasiƙa guda ɗaya za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo, kuma mun tabbata ba mai ita kaɗai ta shafa ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Maigatari ta Jihar Jigawa. Ya ce yana da mota a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ya daɗe yana shiga ƙauyuka da ita sayen gero da wake da riɗi. Saboda rairayi da rashin kyan hanya, ya ƙara mata sifirin a baya, ya ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayoyi, mai walda ya yi mata ƙarfen gaba da bodi, har da tankin mai na biyu. Yanzu yana son ya sayar da ita ya biya bashi ya ƙara jari. Tambayoyinsa uku ne. Me ya sa masu taya motar ba sa lissafa kuɗin da ya kashe wajen gyaran? Shin tilas ne ya faɗa wa mai saye cewa shasin ya taɓa tsagewa an yi masa walda, tunda fenti ya rufe wurin? Na uku kuma, wani baƙo ya zo da kuɗi a hannu, ya fi kowa tayi mai tsoka, amma ya ce ba ya bukatar a tsaya yin takardar canjin suna; shin ya sallama masa?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai, maganar kuɗin gyara. Ka yi haƙuri, amma gaskiyar magana ita ce, kuɗin da mutum ya kashe wajen canza wa mota siffa ba kasafai yake dawowa a ranar sayarwa ba. Kai ka yi gyaran ne don hanyarka da irin kayanka, kuma motar ta riga ta biya ka a cikin shekarun da ta yi tana fito maka da hatsi daga inda babbar mota ba ta shiga. Shi kuwa mai saye, da ya hango mota an ɗaga ta an ƙara mata sifirin, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne: wannan ta sha lodi. Kuma ba laifinsa ba ne, domin akwai dalili.

Irin wannan mota, kamfani ya ƙera ta ne don ɗaukar kaya kimanin tan ɗaya, watau buhu goma mai kilo 100, kuma a cikin wannan lissafin har da direba da yaran mota. In ka ƙara sifirin, bayan motar zai daina zama ƙasa, sai ka ga kamar ta iya ɗaukar buhu 18 ko 20. Alhali kuwa birkin shi ne na da, aksil ɗin shi ne na da, boris ɗin ƙafa su ne na da, shasin ma haka. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasawa ya sha, sai ya koma kan shasi. Shi ya sa za ka ga irin waɗannan motoci suna tsagewa a bayan kan mota, ko a wurin da sifirin ya kama shasi. Mai saye da ya san mota can zai fara leƙawa.

Haka kuma manyan tayoyi. Suna da amfani a rairayi da laka, babu musu. Amma suna ƙara wa kuloci da birki wahala, suna rage wa mota ƙarfin tashi, suna ƙara shan mai. Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan arewa cikin 'yan kwanaki, babu mai sayen mota da ba ya tambayar shan manta. Ga kuma wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: babbar taya tana sa agogon tafiya ya ƙirga ƙasa da gaskiya. In zagayen tayar ya fi na asali da kashi 10 cikin 100, to in ka yi tafiyar kilomita 100, agogon kimanin 91 zai nuna. Ɗaga mota kuwa yana mayar da nauyinta sama, sai ta fi saurin kifewa a kwana, balle in an tula buhuna a kan bodi mutane kuma sun hau bisa.

Saboda haka, Malam, kada ka ɗora kuɗin gyara a kan kuɗin mota ka ce shi ne farashi. Ka je ka tambayi nawa ake sayar da irinta, mai shekarunta, wadda ba a taɓa ba. Daga nan za ka fara. Abin da zai iya ƙara maka daraja shi ne tayoyi in suna da sauran rai, da lafiyar inji, da giyar ja da ƙafa huɗu in tana shiga tana fita ba gardama. In kuma ka ajiye kayan asali da ka cire, irin su rim da sifirin da bamba, ka haɗa wa mai saye, ko ka mayar da su ka sayar da na gyaran dabam. Sau da yawa hakan ya fi kawo kuɗi.

Sa'an nan ka san wa za ka kai wa. Ma'aikacin birni da ke son motar zuwa ofis, a wurinsa duk gyaran nan aibi ne. Amma manomin da gonarsa ke cikin fadama, ko mai fataucin dabbobi, ko ɗan'uwanka mai sayen hatsi da ke kai kaya Dawanau, shi ya san amfanin abin. Lokaci ma yana da tasiri. Gab da faɗuwar damina ake neman motar da ba ta maƙalewa, bayan kaka kuma kuɗi ke hannun mutanen karkara. In bashin bai matsa maka ƙwarai ba, ka auna ɗaya daga cikin lokutan nan biyu. In za ka sa dillali, ku yanke la'adarsa tun kafin a fara, kuma ka kasance a wurin ranar da za a sallama, ka ji da kunnenka nawa aka biya.

Yanzu sai tambaya ta biyu, ta waldar shasi. Amsa a taƙaice: i, tilas ne ka faɗa. Ka kama hannun mai saye ka kai shi wurin, ka ce ga inda ta tsage, ga lokacin da aka yi, ga kuma lodin da ta ɗauka bayan nan. Shasi ba kamar ƙofa ko madubi ba ne. Shi ne ƙashin bayan mota. In ya karye ana tafe da kaya da mutane a sama, maganar rayuka ake yi. Ko a shari'ar Musulunci, wanda ya sayi kaya ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Kai kuma ɗan kasuwa ne, a kasuwannin nan dai za ka ci gaba da zama, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. In ka faɗa, mai yiwuwa a rage maka wani abu, amma ciniki ya ƙare ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ka bar shi ya zo da makanikensa. A ta da injin da safe tun yana sanyi, a ga irin hayaƙin da yake fitarwa. A duba ƙarƙashi ko mai yana ɗiga. Giyar ƙafa huɗu kuma a gwada ta a kan rairayi ko turɓaya, kada a yi ta juyi da ita a kan kwalta, domin hakan yana takura giya da farfela. Tankin nan na biyu ma ka nuna yadda aka haɗa shi, domin tankin da aka yi wa walda a gefen hanya, in yana yoyo kusa da salansa, gobara ce ke jira. Wajen gwaji kuma kada ka miƙa makulli ka tsaya kana kallo. Ka shiga motar, ka ɗauki wani naka, a yi da rana, a hanyar da ka sani.

To, sai tambaya ta uku, wadda ita ce ta fi damunmu. Malam, kada ka sallama wa wannan baƙo, ko nawa ya ƙara.

Ka san irin motar da ke hannunka ba manoma kaɗai ke sonta ba. A da, a-kori-kurar da aka fi sani a ƙasar nan ita ce Peugeot 404 da 504, musamman bayan da kamfanin ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, su kuwa da ƙafafun baya kaɗai suke ja. Hilux ta fito ne a Japan a 1968, mai ja da ƙafa huɗu ta biyo baya a 1979, kuma da ita da 'yar'uwarta Land Cruiser sun yi suna wajen ratsa sahara. A 1987 sojojin Cadi sun fatattaki na Libiya a arewacin ƙasarsu a kan irin waɗannan motoci, har aka riƙa kiran faɗan Yaƙin Toyota. Ƙarfin da ya sa kake shiga ƙauye da ita, shi ne ya sa 'yan fasa-ƙwauri da 'yan bindiga ke nemanta. Mota da aka ɗaga, mai tanki biyu, a kusa da kan iyaka, ga mai saye da ba ya son sunansa ya shiga takarda: ai ba sai an yi maka fassara ba.

Bari mu ba ka wani labari da ya faru da gaske. A 2013 wani mai aikin famfo a Jihar Texas ta Amurka ya ba dillalan motoci tsohuwar a-kori-kurarsa ƙirar Ford, sunan sana'arsa da lambar wayarsa suna rubuce a jikin ƙofa ba a goge ba. Motar ta bi hannu-hannu ta ƙetare teku. A ƙarshen 2014 sai ga hotonta ya bazu a duniya, tana ƙasar Siriya, mayaƙa sun kafa mata bindigar harbo jirgi a baya, sunansa da lambarsa na nan raɗau. Mutumin ya sha zagi da barazanar kisa ta waya, har ya kai dillalan ƙara kotu a 2015. Shi da ya sayar ta hanyar da ta dace ke nan. To ina ga wanda ya miƙa mota da takardunta da sunansa ga mutumin da bai san garinsu ba? Ranar da aka kama ta da mugun kaya, ko ta buge mutum direba ya gudu, ƙofar gidan wanda sunansa ke takarda za a fara bugawa.

Ga abin da za ka yi. Ka tattara takardunka: ta kwastan, ta mallaka, lasisi, inshora, da shaidar lafiyar mota ta jami'an VIO. Ka duba lambar shasi da ta inji su yi daidai da abin da ke rubuce. In ka taɓa canza inji ko launin fenti, ka je ofishin lasisi a gyara tun kafin mai saye ya zo, domin wannan saɓanin shi ke sa a tsare mota a hanya. Ku rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunanka da nasa, da adireshinsa, da lambar mota da ta shasi da ta inji, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata har da ƙarfe nawa ya karɓi makulli. A cikinta a jera duk gyaran da aka yi, har da waldar nan, ya sa hannu cewa ya gani ya yarda. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwarku ya kasance ɗaya. Ka riƙe kwafin katin shaidarsa, kowa ya riƙe kwafin yarjejeniya. Daga nan ku tafi tare a yi takardar rantsuwa a kotu, a kai ofishin lasisi a canza suna. Masu sauraronmu na Jamhuriyar Nijar, ku ma haka: kada ku bar kart giris da sunanku mota tana hannun wani. Duk wani rubutu na sunanka ko lambar wayarka ko kirarin da ka sa a bodi, ka goge shi kafin ta bar ƙofar gidanka.

Maganar kuɗi kuma, kada saƙon waya ya ruɗe ka, domin akwai na jabu. Ku je banki tare, ka tabbatar kuɗi sun zauna a asusunka, sa'an nan ka ba da makulli. In tsaba ce, a ƙirga a cikin banki. In ya ce zai ba da rabi ya cika bayan kaka, to mota da takardunta su zauna wurinka har ya cika. Kai da kake son fita daga bashi, kada ka koma mai bin bashi.

Malam, mai sayen kirki ba ya gudun takarda, domin shi ma kariya ce a gare shi. Ka karɓi tayin da ya ɗan yi ƙasa daga mutumin da aka san gidansu, ka biya bashinka, ka kwana da minshari. Allah ya kawo mai saye na alheri, ya sa a rabu lafiya.

Jama'a, nan za mu dakata a shirinmu na yau. Masu wasiƙun da ba mu kai gare su ba, ku ƙara haƙuri, suna nan a ajiye. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.