Amsa Ga Masu Sauraro: Sabon Bafatake Da Tsohon Hannu

Yau takardu biyu muka haɗa, don kuwa duk hanyarsu ɗaya.

Ta farko daga Furana ta fito, daga wani saurayi manomin rani. Ya ce shekara uku ke nan yana sayar wa dillalai tumatirinsa a bakin gona, bana kuwa yana so ya bi mota ya kai kayansa Ikko da kansa, har zai sayar da bijiminsa ya sari na maƙwabta ya ƙara. Yana neman shawara. Ta biyu ta wani dattijo ce daga ƙasar Makarfi, wanda ya ce ya haura shekara talatin yana kai kaya Kurmi. Shi ƙorafi ya kawo: wai yaran yanzu ba sa jin magana, kowa ya riƙe wayar hannu sai ya ɗauka ya zama madugu. To, ƙanena na Furana, da kai Baba Alhaji, ku matso kusa da akwatin rediyo, kowa da nasa rabon.

Kafin mu shiga mota, bari mu ɗan waiwayi yadda kakanninmu suka tsara tafiya, don abin da zan gaya muku can ya samo tushe. Fataken goro da ke zuwa Gwanja, wato kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, ba su taɓa fita ɗai-ɗai ba. Ayari ake haɗawa. A 1826 Baturen nan Kilafatan ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu, mutum wajen dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawansu. Su tafi da kanwa da tufafi da fata, su komo da goro, zuwa da komowa ya ci wata shida ko fiye. Taro irin wannan ba ya tafiya sai da tsari. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke inda za a yada zango, shi ke ciniki da sarakunan hanya. Jagaba yana gaba yana duba hanya. Uban dawaki shi ke tara kuɗin da za a biya a garuruwa da mashigar ruwa. Ga kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. In an isa, kowane bafatake yana da maigidan da zai sauka wurinsa, mai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashi. Yaro kuwa ba ya fara da jari. Korar jaki yake farawa da ita, da ɗaurin kaya, da buɗe huhun goro a zango ana tsince mai sankara ana yayyafa ruwa, shekara da shekaru, kafin maigidansa ya yanka masa nasa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya mota ta zo, jaki ya huta. Amma aikin madugu da na jagaba da na maigida duk suna nan, sunaye ne kawai suka sake.

To ƙanena, shawarata ta farko ba za ta yi maka daɗi ba. Kada ka sayar da bijimin nan. Tafiyar farko ka yi ta a matsayin ɗan rakiya. Nemi wani babba a Ikara ko Hunkuyi wanda ya saba hanya, ka roƙe shi ya sa maka kwando goma ko sha biyar cikin motarsu, ka bi shi kana yi masa hidima kana kallo. In kayan sun faɗi, kwando goma ba za su kwantar da gidanku ba. In ka zuba kuɗin bijimi kuwa aka yi rashin sa'a, damina za ta zo ba ka da abin huɗa.

Ga dalili. Kuɗin kwando da kake ji a waya daga kasuwar Mile 12, na safiyar ranar ne kaɗai. Tsakaninka da Ikko ya haura kilomita 800, mota mai kaya takan kwana biyu ko uku a hanya. Lokacin da tumatirinka ya nuna, na Kadawa da Kura da Ɗanja ma ya nuna, kuma duk sun ji farashin da ka ji. Motoci su taru rana ɗaya, kasuwa ta zube. Tumatir kuwa ba masara ba ne da za ka ce a mayar rumbu sai ta yi tsada. Saboda haka ka zauna da alƙalami ka yi lissafi tun a gida: kuɗin kwanduna, 'yan tsinka, 'yan lodi, kuɗin mota, na shingayen hanya, na sauke kaya, la'adar dillali, abincinka, da kuɗin komowa. Ka raba a kan kwandunanka, ka gwada da abin da dillalin bakin gona ya taya. Sau da yawa za ka tarar ratar ba ta kai yadda ake faɗi a majalisa ba. Ba kare dillali nake yi ba, akwai masu zalunci cikinsu, amma wani ɓangare na ribar da kake hangen yana ci, ladan kasada ne.

In ka ga duk da haka tafiyar ta ci, to ka kula da waɗannan. Kada ka tsinki wanda ya nuna jawur, sai mai shirin nuna, ya ƙarasa a hanya. A yi lodi da yamma rana ta yi sanyi. In za ka sami kwandon roba, wanda ke cin kilo 25 ko kusa da haka, ya fi, don ana jera shi na sama bai danne na ƙasa ba, ko da yake sai ka tambaya wa zai biya kuɗin dawo da shi. Ka sa wa kayanka alama da fenti, tunda mota ɗaya ta mutum biyar ce ko shida, kuma rigimar kwando ta raba abokai da yawa. Ku gama magana da direba a gaban shaida: wa ke biyan 'yan haraji a hanya, kuma in mota ta lalace aka juye kaya, a wuyan wa? Katin ɗan ƙasa ya zama yana jikinka. Kuɗin motar komowa ka ware shi daban, kada ka taɓa shi ko da me.

Abu biyu kuma zan ɗaga murya a kansu. Kada ka hau saman kaya. Jami'an kiyaye haɗurra sun daɗe suna hana ɗora mutane bisa kaya, kuma ko ba su hana ba, duk mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda tirela ta kife. Na biyu, kada ka ɗauki makami, ko na farauta ne, kada kuma ka shiga motar da ke ɗauke da shi. Abin da ya sami matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo cikin watan Maris na 2025 bai bar zukatanmu ba, Allah ya jiƙansu. In an tare ku a shinge, bar babba ya yi magana, kai ka yi shiru.

In kun sauka, ka tsaya inda maigidan babbanka yake, ka san ofishin shugabannin kasuwa da gidan Sarkin Hausawa. A tafiyar farko ba ka ba kowa bashi, komai daɗin bakinsa. In an ce an turo maka kuɗi ta waya, kada ka yarda da saƙon da aka nuna maka, duba asusunka da kanka kafin kaya su bar gabanka.

Yanzu na juyo gare ka, Baba Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Ƙorafinka yana da ƙamshin gaskiya, na kuma karanta shi yara sun ji. Amma ka yi mini haƙuri in faɗi wadda ta shafe ku manya. Yaro rashin sani ke kā da shi. Ku kuwa sabo ne, kuma Hausawa sun ce sabo turken wawa, ba da kai nake ba, ranka ya daɗe, karin magana ce.

Hanyar da ka haddace tana sakewa. Ta Birnin Gwari zuwa Tegina da Makwa da Jaba, wadda da ake bi ido rufe, ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, har direbobi da yawa suka koma zagayawa ta Abuja da Lakwaja. A 2017 gadar Tatabu tsakanin Makwa da Jaba ta karye, motoci suka yi cirko-cirko da kaya. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, aka yi asarar rayuka da dukiya, har ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. A farkon 2023 takardun naira suka yi wuya, wanda ya ce shi bai yarda da banki ba ya rasa yadda zai karɓi kuɗinsa. A ƙarshen watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, lissafin sufuri ya birkice. Wanne daga cikin waɗannan shekara talatin ta hango maka? Wayar nan da kake raina wa yara, ita ce jagaban wannan zamani. Madugun da ya san abin da yake yi ba ya tashi sai jagaba ya komo da labari. Kafin mota ta tashi daga Tashar Yari, a buga wa direban da ya wuce jiya, a buga wa maigida a ji mota nawa suka sauka.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ta fi damuna. Tsohon bafatake yana da kuɗi a hannun mutum ashirin tsakanin Ibadan da Ikko da Anacha, duk a ka yake riƙe da su, wai amana. Amana gaskiya ce, ita ta riƙe wannan sana'a tun zamanin Gwanja. Amma ayarin da ma yana da malami mai rubutawa, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ranar da ta Allah ta kasance, magada ba su san wa za su bi ba, masu binka kuwa ba sa mantuwa. Sayi littafi na musamman, ka sa ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya riƙa rubutawa, da suna da kwanan wata da lambar waya, ka kuma kai shi ya ga mutanen ido da ido.

Wani halin manya kuma shi ne matsa wa direba. Don a riski kasuwar asuba sai a hana shi runtsawa, a yi ta tura masa goro da shayi, wani ma a kau da kai yana haɗiyar ƙwaya. Ga lodi ya wuce kima don a rage kuɗin mota. Kai ne babba a motar, in ka ce a tsaya a yi barcin awa uku, za a tsaya. Kai ma jikin ba na da ba ne. In kana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, ya zama yana aljihu, kada a bar shi cikin jakar da ke ƙarƙashin kaya.

Daga ƙarshe ga roƙona, Baba. Furana da Makarfi ba nisa. Yaron nan yana neman wanda zai bi, kai kuma kana kukan yara ba sa bin manya. In ka amince, aiko mana da saƙo, mu kuma za mu haɗa ku, ya sa kwandunansa goma a motarka, ya riƙe maka waya da littafin bashi. Kai kuma ƙanena, in an dawo ka rubuto mana abin da ka kashe da abin da ka samu, kobo-kobo, mu karanta wa sauran manoman rani su ji.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba takardar da ta zo daga Kudan a kan ajiyar albasa. A huta lafiya.