Fadar Damagaram da tsohon zauren garinmu

  

Da yawanmu mun sha wucewa ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni, amma kaɗan ne suka tsaya tambayar labarinta. An gina fadar nan wajen shekarar 1850. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ƙarfafa sarautar, ya kewaye birnin da ganuwa, har ya sa maƙera suka ƙera masa manyan bindigogi. A 1899 Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 suka tuɓe sarki, suka ɗora Ballama, sai a 1923 aka mayar da sarauta gidanta. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kai Yamai.

Duk wannan ya wuce, gidan yana nan tsaye. Don me? Don ba a taɓa barinsa kango ba. Har yau dogarai na tsaye a ƙofa. Manomi da makiyayi na kawo ƙara a sasanta su, haka masu rikicin gado da na iyakar gona. Ranar salla nan mahaya ke taruwa su yi gaisuwa, ana kaɗa tambari ana busa kakaki. Gidan da ake shiga kullum, in ya tsage za a gani, a gyara.

To, mu dubi namu. Tsohon zauren maigari, inda kakanninmu suka ɗaura aure suka raba gardama, yau awaki ke kwana ciki. Indararo ya faɗi, gara ta ci azara, bangon gabas ya tsage. In damina ta same shi haka, ba mu ce zai kai kaka ba.

Ga shawararmu. Mazauna gida mu yi gayya, mu kwaɓa ƙasa, mu yi yaɓe kafin ruwan fari. Ƴan ci-rani su ɗauki kuɗin azara da ladan magina. In an gama, a mayar da taron ƙungiya can, mu kuma malaman lakwal mu riƙa kawo yara ranar Laraba da yamma, dattawa su ba su tarihin gari.

Kafin a watse, kowa ya faɗa wa ma'aji abin da zai iya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.